Guɗar Da Na Yi Ranar Makokin Wasu

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yan matan makaranta, na san da yawa daga cikinku da zarar kun hangi saurayi cikin kaki ya sha guga sai gaba ya ce ras. Ba zan ga laifinku ba, don ni ma ta nan aka kamo ni. Na daɗe ina son in rubuto muku wannan labari nawa, in ɗauki biro in ajiye, in sake ɗauka in ajiye, saboda akwai wani wuri a cikinsa da har gobe idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Yau dai na ce bari in daure, in ya so ku yi mini hukunci da kanku.

A Kawo ta Kaduna aka haife ni, nan na girma, kuma duk wanda ya san Kawo ya san ba mu da nisa da sansanin sojojin sama. Tun muna ƙanana mun saba da ƙarar jirage kamar yadda 'ya'yan bakin tasha suka saba da hon ɗin mota. Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne jirgi mai saukar ungulu, wanda mu yara muke ce wa shalkwafta. Shi ba ya wucewa fiit kamar sauran, sai ya zo ƙasa-ƙasa yana fat-fat-fat, kwanon ɗaki yana amsawa, mu kuwa mu watsar da wanke-wanke mu fito tsakar gida muna tsalle muna ɗaga masa hannu. Wallahi a lokacin ko sau ɗaya ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mutane a ciki masu uwa da uba ba. A wurina ƙarfe ne kawai mai fanka a ka.

Mutumin nawa, ku yi haƙuri ba zan kama sunansa ba, kun san halin, abokin Yayana ne. Janareton gidanmu ne ya yi mana dalili. Ya lalace ya fi wata guda, masu gyara uku suka ci kuɗin Baba suka gudu, sai rannan Yaya ya shigo da wani dogon saurayi mai ƙarancin magana, ya tsuguna gaban janareton nan ko minti ashirin bai yi ba sai ga shi ya tashi. Ni aka aika in kai masa ruwan wanke hannu da sabulu. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sannu ƙanwata." To daga ranar janareton namu ya koyi lalacewa duk Asabar, ko kuwa dai shi ne ya koyi zuwa duba lafiyarsa, Allah masani.

Da zance ya yi nisa na fara yi wa ƙawayena fankama ina cewa saurayina direban jirgi ne. Da labari ya koma masa sai ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, kar ki jawo mini. Ni makaniki ne." Nan ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce irin jirgin yaƙin da yake aiki a kai ba mutum ɗaya ke tafiyar da shi ba. Akwai matuƙi, akwai mataimakinsa, akwai makaniki, sannan akwai masu riƙe da bindiga. Aikinsa shi ne ya bi jirgin nan lungu-lungu kafin ya tashi, ya duba inji, ya duba mai, ya duba fuka-fukai, sannan ya sa hannu a takarda cewa lafiyarsa lau. Ya ce, "Bambancina da makanikin mota, shi in ya gama ɗaure noti sai ya karɓi kuɗinsa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa in na ɗaure, a ciki nake tafiya."

Ya kuma ce mini bayan harsashi ba su da abokin gaba kamar ƙura. Jirgin in zai sauka a kan rairayi, iskar fankarsa sai ta tayar da ƙura ta rufe shi ruf, har matuƙi ya kasa ganin ƙasa, ga yashi yana cin fuka-fukai yana shiga inji. Kuma aikin nasu ba na can ƙololuwar sama ba ne. Idan sojojin ƙasa suka shiga matsi suka nemi ɗauki, su ake turawa, su sauko kusa har mai bindiga a ƙasa yana iya hango su. Ni dai a lokacin ba na wani sauraro da kyau, hannuwansa nake kallo yadda yake kwatance da su.

Wadda ta saurara da kyau Umma ce. Ranar da maganar aure ta shigo gida ta ce atafau ba da ita ba. Har yau ina jin muryarta: "Malam, 'yata ba za ta shiga takaba da lallen amarci a ƙafa ba." Baba ya ce mata rai a hannun Allah yake, yaro yana da addini, yana da sana'a, ya san darajar manya, me kuma ake nema? Aka yi ta ja, ni ina ɗaki ina kuka ina ƙin cin abinci, irin dai abin nan namu. Daga ƙarshe Umma ta saki, amma ba da farin ciki ba. Aka kawo kuɗin gaisuwa, aka sa rana, watan Maris na 2019, bayan an gama zaɓe.

Kafin nan an riga an tura shi Maiduguri. Duk wanda ke da ɗan'uwa a fagen daga a ƙarshen shekarar 2018 ba zai manta da ita ba. A watan Nuwamba aka kai mummunan hari kan sojoji a Metele, aka rasa rayuka da yawa. A ƙarshen Disamba kuma sai ga labarin Baga. Gidanmu ya zama ba a kunna rediyo in ina kusa, ni kuma na zama ba na iya barci sai na ji muryarsa, ko da kalma biyu ce.

Ranar Laraba 2 ga Janairu 2019 ya kira ni da safe. Ina cikin ba shi labarin labulen ɗaki, wai ni ruwan hoda nake so shi kuma ya ce ruwan toka, sai ya katse ni ya ce, "Ana nemanmu, sai an jima." Ni kuwa shirme ya motsa, na ce ai kullum haka kake yi mini, na kashe waya ban ko ce masa Allah ya kiyaye ba. Na yini ina cika ina batsewa, ina jira ya kira ya lallashe ni. Magariba ta yi shiru. Isha ta yi shiru. Na ce a raina, to mu zuba, ni ma ba zan kira ba.

Dare ya fara nisa, ina zaune ina ɗinkin rigunan filo, sai na ji shigowar Yaya. Maimakon ya wuce ɗakinsa sai ya tsaya ƙofar ɗakin Umma yana magana ƙasa-ƙasa. Kun san jiki yana ji. Allurar ta faɗi daga hannuna, na fito ko ɗankwali babu, na ce, "Yaya, mene ne?" Ya ce ba komai. Na ce, "Don girman Allah, Yaya." Sai ya miƙo mini wayarsa. Sanarwa ce daga rundunar sojan sama, cewa wani jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi da misalin ƙarfe 7:45 na daren nan, yana cikin kai wa sojojin Bataliya ta 145 ɗauki a Damasak. Ba suna ko ɗaya a ciki.

Ni ban ma san inda Damasak take ba. Baba ne ya fito ya ce ya san garin, don a shekarun baya yana zuwa saro tattasai. Ya ce can ƙuryar arewacin Borno ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Mobbar, dab da iyakar Nijar, ba nisa da Diffa. Yaya ya ƙara da cewa garin ya taɓa faɗawa hannun 'yan Boko Haram a watan Nuwamba 2014, sai a watan Maris 2015 sojojin Chadi da na Nijar suka ƙwato shi. Suna ta wannan bayani don su ɗauke mini hankali, ni kuwa lamba kawai nake dannawa. A kashe. In sake. A kashe. Na kira har batirin wayata ya mutu, na karɓi ta Yaya na ci gaba.

'Yan'uwa, ban taɓa sanin dare yana da tsawo ba sai rannan. Sanyin hunturu ne, amma ni gumi nake yi. Abin da ya fi cin raina ba komai ba ne sai kalmar nan da na hana shi da safe. Allah ya kiyaye. Kalma uku kacal, na riƙe ta saboda labule.

Abin da ban zata ba, Umma, wadda ta ce ba ta son auren, ita ce ta ɗauro alwala ta shimfiɗa darduma biyu, ta jawo hannuna ta ce, "Tashi. Kuka ba ya dawo da jirgi." Ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko da ido. Muka kwana a tsaye. Ni dai addu'ata ɗaya ce ina ta nanatawa: ya Allah kada ya zama shi ne, ya Allah kada ya zama shi ne. Ban tsaya na tambayi kaina ba, to in ba shi ba ne, wa ke nan? Jirgi dai ya riga ya faɗi, kuma ba shi kaɗai ya tuƙa kansa ba.

Gari ya waye ba labari. Maƙwabta suka fara leƙowa da irin sallamar nan mai sanyi, wasu har sun fara kallona da idon tausayi. Sai wajen hantsi wayar Yaya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya ɗauka, na ga fuskarsa ta canza, ya miƙo mini. Na ji an ce, "Ni ne. Ina nan lafiya. Ba zan iya doguwar magana ba." Muryar a dashe take kamar ta wanda ya kwana yana haɗiyar kuka, amma ni ban lura ba sai daga baya.

To ga wurin da nake jin kunya. Na yar da wayar, na fito tsakar gida, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ina guɗa ina tsalle ina dariya kamar ranar kamu, har yaran maƙwabta suka shigo suna taya ni ba su san dalili ba.

Sai na ji an damƙi kafaɗata. Umma ce. Ta ce, "Ke! Rufe mini baki. Naki ya tsira shi ke nan sai guɗa? A daidai wannan lokacin da kike tsalle akwai gidajen da ake shimfiɗa tabarmar makoki. Akwai uwar da ta kwana a kan darduma kamar yadda muka kwana, ita ba a kira ta ba. Wuce ɗaki ki yi sujada ki gode wa Allah a ɓoye." Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

A ranar aka fitar da sunaye. Jirgin ƙirar Mi-35M ne, na ƙasar Rasha, kuma mutum biyar ne a ciki, ba wanda ya fita. Matuƙin shi ne Perowei Jacob, mataimakinsa Kaltho Paul Kilyofas, dukansu masu muƙamin Filait Laftanar, wato daidai da kyaftin a sojan ƙasa. Masu riƙe da bindiga su biyu, Las Kofur Adamu Nura da Meshack Ishmael, wanda shi ne mafi ƙanƙantar muƙami a cikinsu. Sai makanikin jirgin, Saje Auwal Ibrahim. Da Yaya ya karanto wannan na ƙarshe sai da na dafa bango. Makaniki. Shi ma ya bi jirginsa lungu-lungu, ya sa hannu a takarda, ya shiga ciki ya zauna a inda mutumina yake zama.

Kwana ɗaya ko biyu bayan nan jaridu suka kawo wani labari da ya ƙarasa ni. Ashe matuƙin nan ango ne. A watan Disamba aka ɗaura masa aure, ko wata guda bai cika ba. Na dubi rigunan filon da ke kan gadona, na tuna maganar Umma ta lalle da takaba, na ce ashe ba baki ta yi mini ba, abin da ke faruwa ne ta faɗa. Wata yarinya kamata, wadda ƙila ita ma ta yi gardamar launin labule, ita aka zaɓa a daren da nake roƙon kada a zaɓe ni.

Ranar 8 ga Janairu aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Na ga hotunan, akwatuna lulluɓe da tutar ƙasa, sojoji a jere, iyalai a zaune an riƙe wasu. Daren ranar na ɗauko takarda na rubuta masa wasiƙa shafi uku. Na ce ya yafe mini, ina sonsa amma ba zan iya ba, a mayar musu da kayansu. Na ninke na sa ƙarƙashin filo, ina jiran wanda zai je Maiduguri, don na san ta waya bakina ba zai iya furtawa ba.

Ana haka sai ga Gwaggo ta zo daga Zariya. Yayar Baba ce, kuma tun da na buɗe ido na san ta ba miji. Abin da muka sani mu yara shi ne mijinta soja ne, ya tafi Laberiya a 1990 cikin rundunar ECOMOG, bai dawo ba. Iyakar abin da ake faɗa ke nan a gidanmu, daga nan sai a canza zance. A ɗakina aka sauke ta, kuma kun san tsofaffi, tana gyara shimfiɗa ta ci karo da wasiƙar. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta iya karatun fuska.

Na zata za ta ce in yi haƙuri in yi auren, mutuwa ɗaya ce. Ba haka ta ce ba. Ta ce, "'Yar nan, ba ni zan zaɓa miki ba. Masu ce miki ai direba ma yana mutuwa, na kwance a gado ma yana mutuwa, gaskiya suka faɗa, amma kar ki yaudari kanki ki ce duk ɗaya ne. Matar soja kullum da rabin zuciya take kwana. Shekara huɗu na yi da nawa. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa tun yanzu, ba abin kunya ba ne."

Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Amma kin san abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan? Ba rashin ba ne kaɗai, wannan na dangana. Sunansa ne. Ni tun yana raye kunya ta hana ni kama sunansa, sai dai in ce shi, ko maigidan. A bakin mutane nake jin sunan in ji daɗi. Da ya rasu, shekarar farko ana ta'aziyya ana ambatonsa. Daga nan kowa ya ɗauke, wai don kar a tayar mini da hankali. Yau kusan shekara talatin, ban ƙara jin wani ya kira sunan nan yana nufinsa ba. Kamar ba a taɓa yinsa ba."

Ban yi barci ba a daren, amma ba irin rashin barcin farko ba. Da asuba na ɗauko littafin da nake lissafin kayan ɗaki, na buɗe shafin ƙarshe, na rubuta sunayen nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ya sa ba a lokacin. Ina jin dai bashin guɗar nan nake neman hanyar biya. Wasiƙar kuwa ban yaga ta nan da nan ba, kar in yi muku ƙarya. Ta yi mako biyu ƙarƙashin filo ina auna kaina, kafin rannan na sa ta a murhu. Ba jarumta ba ce. Na dai gane cewa ko na rabu da shi, duk ranar da aka ce jirgi ya faɗi sai na kwana a tsaye, sai dai a lokacin ba ni da ikon da za a kira ni a gaya mini.

Aka yi biki a watan Maris. Labulen ruwan toka aka sa. Da za a fita da ni Umma ta riƙe hannuna ta ce duk ranar da zai fita aiki, ko kun kwana ba ku magana, ki raka shi bakin ƙofa ki yi masa addu'a. Ashe Yaya ya tsegunta mata zancen wayar da na kashe.

Zaman bariki wata makaranta ce. Mu matan ma'aikatan jirage akwai wani abu da muke yi wanda ba mai koya wa wata, kuma ba mai faɗa. Ƙirga muke yi. In biyu suka tashi da safe, kina daka, kina wanki, kina hira, amma kunne yana sama har sai ya ji biyu sun dawo. In ɗaya ya dawo ɗaya ya yi jinkiri, sai ki ga hira ta mutu a bakin famfo, kowa ta ɗauki bokitinta ta shige ba sallama. A barikin nan ne wata maƙwabciyata Kirista, 'yar kudu, ta ga littafina ta gyara mini yadda ake furta sunan matuƙin nan, don ni da ina ta karya shi. Ni in na karanta nakan roƙa wa Musulmin cikinsu gafara kamar yadda aka koya mana, in roƙa wa iyalan dukansu haƙuri da rufin asiri, ita kuma takan kai su nata wurin ibadar. Ba mu taɓa gardama a kai ba.

Shi maigidan bai taɓa ba ni labarin daren Damasak ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Sau ɗaya ya ci karo da shafin yana neman rasit. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki biro ya gyara mini harafi ɗaya, ya rufe littafin ya fita. Bai dawo ba sai bayan isha.

Suna na shida na mace ne, kuma ku 'yan makaranta ina so ku san ta. Tolulope Arotile. A Kaduna ta yi firamare da sakandaren sojan sama, ta shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a 2012, ta yi digiri a fannin lissafi, wannan lissafin da kuke gudu in malami ya shigo. Ta je Afirka ta Kudu ta koyo tuƙi, kuma ranar 15 ga Oktoba 2019 aka maƙala mata fiffike a ƙirji, ta zama mace ta farko a Nijeriya mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ta yi aikin fatattakar 'yan bindiga a jihar Neja. Kusan sa'ata ce, kuma da na gan ta a talabijin, 'yar siririya cikin kayan tuƙi, sai da na ji wani iri, na ce ashe lokacin da nake ɗaga wa shalkwafta hannu a Kawo, wata yarinya a garin nan tana kallonsa tana cewa ni zan tuƙa. Ita ba a fagen daga ta rasu ba. Ranar 14 ga Yuli 2020 mota ta buge ta a cikin sansanin sojan sama na Kaduna, tana da shekara 24. A maƙabartar nan ta Abuja aka kai ta.

Sai kuma 14 ga Agusta 2023. Wannan jirgin, ƙirar Mi-171, ba faɗa ya je yi ba. An yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Zungeru a jihar Neja, aka tura shi ya kwaso waɗanda suka ji rauni da gawarwakin waɗanda suka rasu. Ya tashi daga filin makarantar firamare ta Zungeru zai nufi Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. Hedikwatar tsaro ta ce tsakanin kwanton ɓaunar da faɗuwar jirgin an rasa sojoji 36. Ku tsaya ku yi tunanin mai rauni da aka ɗauko, ya ji jirgi ya tashi da shi, ya ce alhamdulillahi na tsira. Da farko kwanan wata kawai na rubuta da lamba 36, sai na ga ai wannan shi ne abin da Gwaggo ke kuka da shi. Na bi jaridu na kwafe sunayen da aka buga, shafin ya cika na koma na bayansa.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ƙasa takan tuna da sojojinta da suka kwanta dama. An zaɓi ranar ne don a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Za ku ga shugabanni a Abuja da manyan biranen jihohi suna ajiye furanni, ana busa begila, ana sakin fararen tantabaru, tsofaffin sojoji suna sayar da ɗan bajon nan da ake maƙalawa a ƙirji don taimakon iyalan mamata. In kun gan su ku saya, ko da kuɗin tara ne. Abu ne mai kyau. Sai dai ni na zauna a bariki, na ga yadda mace ke gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta ɗaure kayanta, a sa a mota, yara suna leƙen abokan wasansu ta taga. Daga ranar ba ta ƙara jin ƙarar jirgi a kan ɗakinta, kuma a hankali wayarta ma takan daina ƙara. Tantabara ba ta zuwa inda take.

Don haka ni tawa ranar tunawar a gida nake yi. Ina da lambobin wasu daga cikin maƙwabtan da suka tashi, nakan kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na cewa ya haƙurin marigayi. Sunansa nake kamawa, in ce na tuna ranar da wane ya gyara mana famfo, ko ranar da wane ya raba wa yara alewa da sallah. Da farko ina tsoron kar in fama musu ciwo. Ba wadda ta taɓa kashe mini waya.

Akwai suna ɗaya a saman shafin farko wanda ba na ma'aikacin jirgi ba ne, kuma ba a jarida na samo shi ba. Wurin Baba na tambaya, shi ma sai da ya yi jim kafin ya faɗa. Wata shekara ranar tunawar ta zo Gwaggo tana gidana, ta zo duba 'yata da ta yi zazzaɓi. Bayan la'asar na ɗauko littafin na zauna kusa da ita a kan tabarma, na ce, "Gwaggo, zan yi karatuna, ki taya ni da amin." Ban gaya mata komai ba. Na buɗe, na fara da na saman, na kira shi cikakke har da sunan mahaifinsa da muƙaminsa.

Carbin da ke hannunta ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, na ga kafaɗunta suna rawa, har na fara nadamar abin da na yi. 'Yata ta rarrafo ta dafa gwiwarta tana leƙen ƙarƙashin mayafin. Can sai na ji muryar Gwaggo ƙasa-ƙasa, kamar ta amarya ana tambayarta sunan miji.

Ta ce, "'Yar nan, sake faɗa."